Hoto Mai Tsayin Ƙofa

Ranar Laraba likitan ido ya faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana. Idon Inna na dama ya riga ya tafi. Na hagun da take lallaɓawa da shi za a yi masa aiki ranar Litinin, kuma bai yi mana alkawarin komai ba: ko ya washe, ko ɗan ganin da ya rage shi ma ya tafi. Ni da Inna muka hau keke napep daga asibiti zuwa unguwarmu, Dutsen Kura. Sai da muka shiga ɗaki ta cire mayafi ta zauna a bakin gado, sannan ta ce, "Auta, ba zan kwanta a yanka mini ido ba sai na ga babanku."

Na zabura, don a lokacin shekarar Baba goma sha ɗaya da rasuwa. Na ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Hotonsa nake nufi, ke ma kin cika firgita. A yi mini shi babba, tsayin ƙofar nan, irin waɗanda ake kafawa a bakin titi. Ba ratayewa zan yi ba, naɗe shi zan yi in sa bayan kwaba. In dai gan shi sau ɗaya da idona."

A wannan lokacin Inna ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta, ƙananan abubuwa kuwa ko a kusa sun fi ƙarfinta. Da murya take gane mu. In na miƙa mata waya ta duba hoto, sai ta kai ta har hanci, ta jujjuya, ta mayar mini ta ce haske kawai take gani. Don haka na gane abin da take nufi da babba. Na ce to, an gama. Na faɗa da ƙarfi har da buga ƙirji, alhali na san abin da na aikata.

Baba manomin doya ne, mutumin wani ƙauye a bayan Tagwai, in aikin gona ya yi sauƙi yakan taɓa kamun kifi a bakin dam. Ba ya son hoto ko kaɗan. Duk rayuwarsa guda ɗaya muka sani, wanda aka ɗauka ranar da aka raba wa manoma taki, mutum wajen ashirin a tsaye, shi yana layin baya ya ɗan karkata kai kamar an tilasta masa. Hoton yana cikin albam ɗin gidanmu har wata damina da kwano ya yi yoyo ya jiƙa akwatin. Shafukan suka manne, suka yi funfuna, suna wari. Ni da hannuna na kwashe albam ɗin na kai bola. Inna ta ce a shanya tukuna, na ce mata, "Ai Yaya ta ɗauka a wayarta, me za a yi da ruɓaɓɓiyar takarda?" Yaya ita ce babbarmu, tana aure a Suleja. Wayar tata ta faɗa rijiya bayan wata biyu. Abin da ya rage shi ne wanda aka yi ta turawa daga wannan waya zuwa waccan a cikin dangi, har ya zagayo ya dawo wurina.

Ranar Alhamis ina tashi daga makarantar da nake koyarwa na wuce Sabon Gari, shagon wani mai buga manyan hotuna. Shagon dogo ne siriri, injin ya cinye rabinsa, tsawonsa ya kai gado biyu a jere, ga warin tawada mai hawa kai. An shanya hotunan biki da na jana'iza da na taron coci a kan igiya, ana jira su bushe. Mai shagon dattijo ne ɗan kudancin Kaduna, da furfura a gemu da tabarau a rataye da zare. Kowa Oga yake ce masa, ni ma na bi sahu.

Na tura masa hoton, ya buɗe a kwamfuta, na nuna masa Baba da yatsa. Kan Baba a allon bai fi ƙwayar wake ba. Oga ya jawo shi, ya ƙara jawowa, ina kallo fuskar ta tarwatse ta koma murabba'i-murabba'i kamar saƙar tabarma.

Ya ce, "Malama, hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera. Duk lokacin da aka tura shi daga waya zuwa waya, ana zubar da wasu a hanya don ya yi sauƙin tafiya. Ɗigon da suka rage a kan Baba gaba ɗaya ba su kai ƙwayar masara a jikin goyo ɗaya ba. In na ja shi ya kai ƙofa, kowane ɗigo zai kai akwatin ashana."

Na ce, "To waɗancan na bakin titi fa? Su da me aka yi su, da zinariya?"

Ya yi murmushi. "Je ki tsaya dab da ɗaya ki gani, su ma dishi-dishi ne. Don mai kallo daga tsallake ake yin su, nisa ne ke haɗa ɗigon. In za ki tsayar da Mama a tsallaken titi, yanzun nan in buga miki."

Raina ya ɓaci. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, 'yan ajina ma sun shaida. Na ce, "Oga, matar da ba ta ganin ƙarshen hannunta zan tsayar a tsallaken titi? In ba za ka iya ba ka faɗa mini in nemi wani wuri, ranar Litinin za a yi mata aiki."

Bai ji haushi ba. Ya gyara tabarau ya ce akwai wata manhaja da ke ƙara wa hoto ɗigo, amma in saurara da kyau. "Ba nemo abin da ya ɓata take yi ba. Ta ga fuskokin mutane da yawa, sai ta cike gurbin da abin da take zato." Na ce ta yi zaton, ni dai in ga fuska. Ya danna, muka zauna muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe a ƙasan allo.

Da fuskar ta fito sai da na dafe ƙirji. Tar da ita, har ana iya ƙirga gashin gemu, ga zaren hula ɗaya bayan ɗaya. Hawaye ya taho mini. Kafin ya zubo sai na lura mutumin da ke kallona ban taɓa ganinsa ba. Kyakkyawa ne, fatarsa sumul kamar wanda bai taɓa yini a rana ba. Kuma kumatunsa wayam. Baba yana da bille, tsaga ɗaya doguwa da ta gangaro daga gefen hanci a kunci ɗaya, da wasu gajeru a gefen idanu. Duk babu su.

Na miƙe tsaye. "Wannan wane ne? Ina tsagarsa? Uban wa ka ɗauko mini?"

Masu jira a benci suka juyo. Oga ya ɗaga hannu ya ce in zauna. Ya ce manhajar ta ga duhu-duhu a kunci ta ɗauka datti ne ko ƙarzuwar takarda, ta share, haka take yi wa duk mai tsaga. Zai rage mata ƙarfi don ta bar ƙirar fuskar yadda take, tsagar kuma ya mayar da ita da hannunsa, ya saba. Ya ɗauko wani alƙalami da yake zane da shi a kan allo, ya juyo ya dube ni.

"Faɗa mini. Billen a wane kunci yake, hagu ko dama? Daga ina ya tashi, a ina ya tsaya? Na gefen ido guda nawa ne?"

Na rufe ido na nemo Baba. Ga shi a kan kekensa, ga ni a baya na riƙe rigarsa zai kai ni makaranta. Ga shi yana ɓare mini gasasshiyar doya yana hurawa. Na san da billen, na sha taɓa shi da yatsa ina ƙarama. Amma in na sa shi a hagu sai ya zauna daram, in na mayar dama nan ma ya zauna. Na ce a koma kan ƙaramin hoton a duba. Muka duba, inuwa ce kawai a kumatun biyu, babu wanda ya fi wani duhu. Na ɗauki jakata na ce zan je in tabbatar, kamar dai na sani ƙarin bayani kawai nake nema.

A bakin shagon na kira Yaya. Ta ce, "Hagu mana, ke wace irin 'ya ce?" Na ji daɗi har na fara hamdala. Sai ta ƙara da cewa, "Tsaya. Hagunsa ko hagun mai kallonsa?" Na ce ita na kira ta faɗa mini. Ta ce dama, ta dawo ta ce a'a hagu, na gefen ido kuma uku ne, ko huɗu. Na ce mata ita da ta girme ni da shekara tara ba ta jin kunya? Ta ce wadda ta kai albam bola ita ce za ta yi maganar kunya? Na kashe wayar ina tsaye a gefen titi, masu babur suna ta yi mini hon.

Ranar Juma'a na aika ƙauye a tambayi wani tsoho, shi kaɗai ya rage cikin sa'o'in Baba. Saƙon da ya dawo shi ne, tabbas marigayi yana da bille, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Da aka ce masa a wane gefe, wai dariya ya yi ya ce wa ke tambayar irin wannan. Mu 'ya'yansa kuwa ba a yi mana ba balle in duba madubi, don Baba da kansa ya hana wanzami taɓa fuskarmu.

Mutum ɗaya ta rage da zan tambaya, tana zaune a tsakar gida tana laluben kayan da za ta tafi da su asibiti, zane biyu da carbi da kofin roba. Ta ji motsina ta ce, "Auta, ina hoton?" Na ce aiki ya yi wa injin yawa, gobe in Allah ya yarda. Ta ce, "Litinin fa ta matso." Na ce na sani. Na tsaya a bayanta tambayar tana bakina, na kasa. Ni ce autar da Baba ya fi ji da ita, kowa ya sani, har gori ake yi mini. Ta yaya zan dubi matar nan, ana jibi-gata za a taɓa mata ido, in ce mata na manta fuskar mijinta bayan ni na zubar da hotonsa? Na shige ɗaki na bar ta tana ninke zane.

Asabar da hantsi na koma Sabon Gari na riga na yanke shawara. Ban ko zauna ba na ce, "Hagu ne. Uku-uku a gefen ido. Zana mu buga."

Oga ya dube ni ta saman tabarau. "Kin tabbata?"

"Ina ruwanka? Ubanka ne ko nawa?"

Na san na yi rashin kunya, dattijo ne, amma bakina ya riga ni. Ya ajiye alƙalamin a hankali. Ya ce, "Malama, na daɗe ina buga hoton mamata. 'Ya'ya sukan karɓi duk abin da na ba su in ya yi kyau. Matar mutum ba ta karɓa. In kika yi kuskure, abu na ƙarshe da Mama za ta gani shi ne mijinta da tsagar wani. Ni ba zan zana da ka ba." Ya ce gobe Lahadi yana coci, shago a rufe, kuma babban hoto yana son lokaci a inji, yana son ya sha iska. In la'asar ta yi bai tura aikin ba, sai bayan Litinin. "Je ki kawo Mama."

Na faɗi maganganu da ba zan maimaita a nan ba. Ya bar ni na gama, ya juya ya ci gaba da yanke gefen wani hoton biki da reza. Da na ga babu sarki sai Allah, na fita na tari keke.

Na ce wa Inna mai hoto yana so ta duba kafin a buga. Ta sa mayafinta mai kyau, har da turare. A hanya tana ta tambayata ko hular ta fito, ko an ga gemun. Ni dai ina ta cewa e, ina kallon agogon waya, azahar ta riga ta wuce.

Oga ya tare ta a bakin ƙofa ya rusuna ya gaishe ta, ya riƙe mata labule. Ya sallami masu jira ya ce su dawo an jima. Ya juyo da allonsa mafi girma, ya kashe fitilar sama don hasken ya taru wuri ɗaya, ya jawo mata kujera har gwiwarta tana taɓa tebur. Ya buɗe wanda ya rage wa ƙarfi, ya cika allon da fuskar. Wannan bai kai na farko kyau ba, amma ya fi kama da mutum wanda ya yi noma.

Inna ta matsa har numfashinta yana barin tururi a gilashin. Ta karkata kai ta ba allon idon hagu. Ta fara daga hula ta gangaro a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba abin da ake ji sai ƙugin janareta a waje.

"Goshin nasa ne," ta ce. "Kunnen ma nasa ne." Ta ƙara gangarowa, ta tsaya. "Ɗan nan, wa ya goge masa fuska?"

Oga ya yi mata bayani a taƙaice, sannan ya ce, "Zan mayar masa yanzu, Mama. Na fi so in ji daga bakinki, shi ya sa na ce a kawo ki." Rufa mini asiri yake yi, bayan duk abin da na gaya masa. Abin ya fi zagi ciwo. Na durƙusa a gefen kujerarta na ce, "Inna, ba haka ba ne. Ya tambaye ni tun shekaranjiya, ban sani ba. Na manta ko hagu ne ko dama. Yaya ma ba ta sani ba. Ki yafe mini, ni na zubar da hoton." Kuka ya ƙwace mini a gaban mutumin da na gama yi wa tsiwa.

Na jira faɗa, ba ta ko juyo ba. Ta ce wa Oga, "Sa a nan," ta ɗora yatsa a kunci ɗaya. Ya ja layin a hankali daga gefen hanci, ya ba shi duhu da ɗan kauri yadda tsohuwar tsaga take zama a fata. Gwani ne, kamar da shi aka haifi fuskar. Inna ta duba, ta daɗe.

"Goge. Mayar wancan gefen."

Ya goge, ya zana a ɗayan. Ta matsa, ta ja baya, ta sake matsawa.

"Mayar inda yake da."

Ya mayar. Wannan karon ba ta daɗe ba. Ta jingina da kujera ta rufe idon, ta lalubo kaina ta dafa.

"Auta, bar kukan nan haka. Kina tsammani saboda aikin ido kawai na ce a yi hoton? Tun bara nake neman fuskar mutumin nan. Muryarsa tana nan, tarinsa na asuba yana nan, ko takunsa na ji zan gane. In na zo kan fuskar sai ta ƙi tsayawa. Shekara talatin da shida ina kallonta. Na ji kunyar tambayarku, na ce bari a yi hoton, shi zai gaya mini."

Oga ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can aka fara kiran la'asar a masallacin bayan layin, ya yi gyaran murya ya ce, "Mama, in buga shi haka, ko in bar kuncin babu komai?"

Ta girgiza kai. "Kada ka wahalar da injinka, ɗana. Goshi da kunne ba su isa ba. Allah ya yi maka albarka, ka yi iyakar yinka." Ta miƙe ta gyara mayafi, ta miƙo mini hannu in ja ta. Na ba Oga haƙuri a bakin ƙofa, ya ce babu komai, Allah ya ba Mama lafiya.

Duk ranar Lahadi ina jira ta ce ta fasa zuwa asibiti, ba ta ce ba. Litinin da sassafe ita ta riga ni shiryawa. Muka zauna a benci a bakin ɗakin aikin, an ɗaure mata kai da wata hular leda, an ɗiga mata magani. Da ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce lokaci ya yi, Inna ta ce mata, "'Yar nan, ba ni minti ɗaya."

Ta kamo fuskata da hannu biyu ta jawo ni har hancinmu ya kusa haɗuwa. Ta karkata kai ta ba ni idon hagu, ta fara daga goshi ta gangaro a hankali. Na ce, "Inna, ana jiranki." Ta ce, "Rufe mini baki, ki tsaya cak." Da ta iso haɓata ta tarar da ɗan tabon da na samu ina yarinya, ranar da na faɗo daga bishiyar mangwaro. Ta ɗora babban yatsa a kai ta danna.

"Hagu," ta ce a hankali, kamar mai hadda. "Hagunki."

Sannan ta sake ni, ta miƙa wa ma'aikaciyar hannu, suka shiga aka rufe ƙofa.